Nolan Bushnell: Ya Iya Kafa Rumfa, Bai Iya Zaman Kasuwa Ba

A cikin shekarar 1972, a wani gari da ake kira Sunnyvale a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, manajan wata mashaya mai suna Andy Capp's ya buga waya zuwa wani ƙaramin kamfani da bai fi 'yan watanni da kafuwa ba, ya ce a zo a duba akwatin nan da aka ajiye masa, domin ya lalace. Akwatin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Talabijin ne mai baƙi da fari, wanda aka saya a kanti dala 75, aka cusa shi cikin katako, aka maƙala masa ramin jefa kuɗi a gefe. In mutum ya jefa kwandala ta senti 25, sai wani ɗan ɗigo fari ya shiga kai da kawowa a fuskar talabijin ɗin, mutum biyu kuma su riƙa tare shi da wasu 'yan sanduna da ake murzawa su hau ko su sauka, kamar dai masu buga ƙwallon tebur. Da injiniyan da ya haɗa akwatin, wani saurayi mai suna Allan Alcorn, ya iso ya buɗe, sai ya tarar lafiyarsa lau. Kuɗi ne suka cika mazubin maƙil har suka toshe hanya, sabuwar kwandala ta rasa inda za ta faɗa.

Wannan wasa shi ne Pong, kamfanin kuwa shi ne Atari, mutumin da ke jan ragamarsa kuma shi ne Nolan Bushnell, wanda a lokacin shekarunsa 29. Daga wannan akwatin katako ne sana'ar wasannin bidiyo ta samu gindin zama, har ta bunƙasa ta kai inda ake ganinta yau, cikin gidaje da shaguna da wayoyin hannu a ko'ina cikin duniya. Amma abin mamaki, shekara shida kacal bayan wannan rana, an raba Bushnell da kamfanin da ya kafa, kuma duk da tarin kamfanonin da ya sake kafawa daga baya, babu wanda ya kama ƙafar na farkon. Duk saurayin da ke da fasaha a ka alhali aljihunsa wayam, da duk wanda ke shirin haɗa jari da aboki, yana da abin da zai ɗauka cikin wannan labari, domin labari ne na mutumin da Allah ya hore wa gano inda kasuwa za ta ci tun kafin ta ci, amma bai samu haƙurin zama a rumfa ya ga ƙarshen cinikin ba.

An haifi Bushnell ran 5 ga Fabrairu, 1943, a garin Clearfield na jihar Yuta. Mahaifinsa ɗan kwangila ne mai aikin siminti, ya kuwa rasu yaron yana ɗan shekara 15, ya bar ayyuka da dama ba a gama ba. Yaron nan shi ya tsaya a kan ma'aikata har aka kammala su. Wanda ya yi haka yana ƙarami, da wuya a sake tsorata shi da girman aiki, kuma wannan rashin tsoro ya bi Bushnell har tsufansa, ya yi masa rana a wasu wurare, ya kuma kai shi ya baro a wasu.

Ya karanta aikin injiniyan lantarki a Jami'ar Yuta, sai dai makarantar da ta fi yi masa amfani ba ta da allo ko alli. Wani filin wasanni ne da shaƙatawa mai suna Lagoon, kusa da birnin Salt Lake, inda ya kama aiki yana ɗalibi. Shi da bakinsa ya ce caca ce ta cinye kuɗin makarantarsa, dole ta sa ya nemi aikin. Ya fara da tsayawa gaban rumfa yana kiran masu wucewa su zo su gwada sa'arsu, su jefi kwalabe da ƙwallo ko su ci kyauta, daga baya aka ɗaga shi ya zama shugaban sashen wasannin. A nan ne ya koyi abin da ba a koyarwa a aji, watau abin da ke sa mutum ya sa hannu a aljihu ya fito da kuɗinsa da son ransa. Ya lura cewa wasan da ke cin kasuwa shi ne wanda mutum zai gane shi da kallo ɗaya, ya gwada ya ga saura ƙiris ya ci, ya ce bari dai ya ƙara ɗaya. Ya kuma koyi lissafin akwatunan wasa masu karɓar kwandala: nawa aka sayi akwati, nawa yake tarawa a rana, cikin wata nawa zai mayar da uwar kuɗi.

A wancan zamani akwai wani wasa da ɗaliban kimiyya ke yi a ɓoye cikin ɗakunan bincike na manyan jami'o'i. Sunansa Spacewar, wani mai suna Steve Russell da abokansa ne suka ƙirƙira shi a 1962 a makarantar fasaha ta MIT. Jiragen sama jannati biyu ne ke harbin juna a fuskar kwamfuta. Da Bushnell ya ga wasan, sai idon nan nasa na ɗan kasuwa ya buɗe, ya ce da za a sa wa wannan abu ramin jefa kuɗi, da an huta da talauci. Matsalar ita ce kwamfutar da aka fara yin wasan a kanta, PDP-1, kuɗinta ya kai dala 120,000. In an bi ta kwandalar senti 25, sai an yi wasa sau 480,000 kafin a mayar da kuɗin na'urar kaɗai. Lissafi bai fita ba, sai ya ajiye maganar a ransa.

A 1969 ya samu aiki a kamfanin Ampex da ke Kalifoniya, masu ƙera na'urorin ɗaukar murya da hoto. Aka haɗa shi ofis ɗaya da wani injiniya da ya girme shi da 'yan shekaru, Ted Dabney, tsohon sojan ruwa, mutum mai shiru-shiru wanda ya san cikin talabijin kamar yunwar cikinsa. Suka shaƙu ƙwarai. Da farko sun yi niyyar sayen ƙaramar kwamfuta su jona mata talabijin da yawa, suka ga har yanzu tsada ta yi yawa. Mafitar da suka samu ita ce su yar da kwamfutar gaba ɗaya, su haɗa 'yan ƙananan kayan lantarki masu araha waɗanda ba su san komai ba sai aiki ɗaya tak, watau motsa ɗigo a fuskar talabijin. Wannan dabara ita ce ta sauko da wasan daga jami'a zuwa kasuwa, kuma hannun Dabney a cikinta ba ƙarami ba ne. A ɗakin kwanan wata ƙaramar yarinya aka yi aikin farko, kuma abin dariya da ban tausayi, bayan shekaru kowannensu ya riƙa cewa ɗakin 'yarsa ne.

A 1971 wani kamfani mai suna Nutting Associates ya fito da wasan nasu da sunan Computer Space, aka ƙera kamar guda 1,500. Shi ne wasan bidiyo na farko mai karɓar kwandala da aka ƙera da yawa aka sa a kasuwa. A wuraren da ɗaliban jami'a ke taruwa ya samu karɓuwa, amma a wuraren leburori da direbobi sai aka riƙa kallonsa ana wucewa, saboda maɓallansa sun yi yawa, sai an karanta bayani kafin a iya. Bushnell ya amsa laifinsa. Ya ce abokansa duk sun so wasan, amma ya manta cewa abokansa duk injiniyoyi ne. Ashe darasin filin Lagoon ne ya saki. Daga nan ya riƙe wata ƙa'ida da har yau ake danganta ta da sunansa, cewa wasa na gari shi ne mai sauƙin koyo, mai wuyar ƙwarewa.

Ran 27 ga Yuni, 1972, shi da Dabney suka yi rajistar kamfaninsu. Jarin da suka fara da shi dala 250 ne kowannensu. Sunan da suka so, Syzygy, an riga su, sai suka ɗauki Atari, kalma ce daga wasan Go, wani wasa mai kama da dara da mutanen Sin da Japan ke yi, wanda Bushnell ke matuƙar so. Ana faɗin ta ne in an kewaye 'ya'yan abokin wasa saura ƙiris a cinye su. Injiniya na farko da suka ɗauka shi ne Alcorn, ɗan shekara 24. Don ya sa shi ya dage, Bushnell ya ce masa kamfanin General Electric ya ba su kwangilar yin wasan ƙwallon tebur. Babu wata kwangila, gwaji ne kawai yake so yaron ya yi don hannunsa ya faɗa. Alcorn kuwa ya ɗauki abin da gaske. Ya raba sandar tare ƙwallon kashi takwas, yadda kowane kashi zai mayar da ƙwallon ta kusurwa dabam, ya sa gudun ƙwallon ya riƙa ƙaruwa in wasa ya yi nisa, ya kuma zaƙulo 'yar ƙarar nan da ake ji in ƙwallon ya bugi sanda. Abin da aka ba shi don koyo sai ga shi ya fi abin da ake shirin yi na gaske. Bayanin da aka rubuta a jikin akwatin bai wuce 'yan layuka ba, ma'anarsa dai, kada ka bari ƙwallon ya wuce ka.

Da labarin mazubin kuɗi ya iske Bushnell, sai ya sauya shawara. Da ma yana neman ya sayar wa manyan kamfanoni wasan ne su ƙera, yanzu kuwa ya ce su da kansu za su ƙera. Bankuna suka ƙi kula shi, domin a ganinsu duk akwatin da ke karɓar kwandala harkar 'yan caca ce da 'yan daba, sai bankin Wells Fargo ne ya yarda ya ba shi rancen dala 50,000. Ya kama hayar wani tsohon zauren wasan zamiya da aka daina amfani da shi, ya je ofishin marasa aiki ya kwaso duk wanda ya samu, aka shiga haɗa akwatuna. Ana sayar da kowane akwati ninki uku na kuɗin haɗa shi, kuma kuɗi hannu, da kuɗin na yau ake sayen kayan na gobe. A ƙiyasin Bushnell, akwati ɗaya yana tara dala 35 zuwa 40 a rana. Kafin ƙarshen 1974 sun sayar da fiye da guda 8,000.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a ba kowa haƙƙinsa, domin an daɗe ana kiran Bushnell uban wasannin bidiyo kamar shi kaɗai ya yi aikin. Akwai wani injiniya mai suna Ralph Baer, Bayahude ne da aka haifa a Jamus a 1922, iyayensa suka gudo da shi Amurka a 1938 don tsira daga mulkin Hitila. Tun 1966 Baer ya rubuta tsarin yadda za a yi wasa da talabijin na gida, ya yi shekaru yana aiki a kai tare da abokan aikinsa a kamfanin Sanders Associates, ya kuma yi rajistar fasaharsa. Kamfanin Magnavox ya karɓi aikin ya fito da shi da sunan Odyssey a 1972. A watan Mayu na wannan shekara an yi nunin na'urar a garin Burlingame, Bushnell ya je, ya buga wasan ƙwallon tebur da ke cikinta, ya kuma sa hannu a littafin baƙi. Wannan sa hannu shi ne ya zama shaida a kansa. Magnavox ya kai ƙara a 1974, aka yi sulhu a 1976, Atari ya biya kuɗi ya sayi izinin amfani da fasahar. Gaskiyar magana ita ce Pong ya fi na Baer daɗi nesa ba kusa ba, domin na Odyssey ba shi da sauti, ba ya kuma ƙirga maki. Amma wanda ya gyara miya bai kamata ya musa cewa wani ne ya ɗora tukunyar ba. Sai a 2006 Shugaba George Bush ya rataya wa Baer lambar girma ta fasaha, ya rasu a 2014 yana da shekara 92.

Na Dabney ya fi zafi, domin shi na gida ne. An yi rajistar dabarar nan ta motsa ɗigo da sunan Bushnell shi kaɗai. Kamfani na girma, Dabney na ganin ana ture shi gefe, ana yin taro ba a kiransa. A 1973 ya sayar da rabonsa dala 250,000 ya fita. Shekaru da yawa jaridu suna ba da tarihin Atari ba tare da ambaton sunansa ba. A ƙarshen rayuwarsa ta aiki shi da matarsa suka buɗe kantin kayan masarufi a wani ƙauye mai suna Crescent Mills, ya kuma rasu a 2018. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ko da an ce Bushnell ne mai hangen nesa, kuma haka ne, to hangen nesa kaɗai bai taɓa haɗa waya da waya ba.

Shi kansa Bushnell bai tsira daga masu kwaikwayo ba. Kafin a ce kwabo, kamfanoni da dama sun cika kasuwa da irin Pong, har nasu ya fi na Atari yawa. Maganin da ya samo shi ne gudu: kafin su gama kwaikwayon wannan, ya fito da wani. Da ya ga dillalan akwatunan wasa kowanne ba ya yarda a sayar wa abokin hamayyarsa irin kayan da aka sayar masa, sai ya kafa wani kamfani a asirce a 1973, Kee Games, ya ɗora maƙwabcinsa Joe Keenan a kai, suka riƙa nuna wa duniya kamar abokan gaba ne, ta haka suna sayar wa dillalan kowane ɓangare. Wayo ne na ɗan kasuwa, ya kuwa yi aiki. Amma a wajen riƙon littafin kuɗi kamfanin ya yi sakaci. A 1974 suka fito da wasan tseren mota mai suna Gran Trak 10, saboda kuskuren lissafi aka riƙa sayar da shi ƙasa da kuɗin haɗa shi, kamfanin ya kusa durƙushewa. A wannan shekara suka sayar da reshensu na Japan ga Masaya Nakamura, wanda kamfaninsa Namco ne ya fito da Pac-Man a 1980.

Abin da ya cece su shi ne shiga gidaje. Injiniyoyinsa suka matse Pong duka cikin ƙwayar lantarki guda ɗaya, yadda za a jona shi da talabijin na gida. 'Yan kasuwar kayan wasan yara suka ƙi shi, sai wani jami'in sashen kayan motsa jiki na kantunan Sears, Tom Quinn, ya nemi a kawo masa guda 150,000 don cinikin Kirsimeti na 1975. Mutane suka yi layi a ƙofar kantuna.

A waɗannan shekaru Atari ya zama matattarar matasa masu fasaha waɗanda sauran kamfanoni ba za su iya zama da su ba. Bushnell bai damu da kwat ko agogo ba, aiki kawai yake dubawa. Cikin waɗanda aka ɗauka a 1974 akwai wani yaro mai taurin kai, Steve Jobs, wanda abokan aiki suka kasa jure halinsa, maimakon a kore shi sai aka mai da shi aikin dare. Shi da abokinsa Steve Wozniak ne suka haɗa samfurin farko na wasan Breakout. Bushnell ya sha faɗi cewa da Jobs zai kafa Apple ya zo ya yi masa tayin kashi ɗaya cikin uku na kamfanin a kan dala 50,000, shi kuwa ya ƙi. Yakan ba da labarin yana dariya, amma da na sani ƙeya ce.

A 1976 Atari na da wani babban aiki a hannu, watau na'urar gida wadda za a riƙa canza mata kaset, kowane kaset da wasansa. Kamfanin Fairchild ya riga su fitowa da irinta a watan Nuwamba na shekarar, ƙarƙashin jagorancin wani injiniya baƙar fata mai suna Jerry Lawson. Aikin na bukatar kuɗin da Atari ba shi da su, don haka Bushnell ya sayar da kamfanin ga Warner Communications a kan dala miliyan 28, rabonsa ya kai kamar miliyan 15. Yana da shekara 33. Na'urar ta fito a 1977 da sunan VCS, wadda daga baya aka fi sani da Atari 2600, a kan dala 199.

Daga ranar da kuɗi suka shiga hannunsa, zuciyarsa ta fara barin wurin. Ya ci gaba da riƙe kujerar shugabanci, amma ganinsa a ofis ya yi wuya. Masu kamfanin suka kawo Ray Kassar, wanda ya yi shekaru a masana'antar yadi ta Burlington, mutum mai tsari da son talla, wanda bai san darajar injiniya ba. A ƙarshen 1978, kaya jibge a sito ba a sayar ba, aka yi zazzafar muhawara a taron kasafin kuɗi tsakanin Bushnell da Manny Gerard na Warner. Bushnell na ganin a karya farashin VCS a wuce zuwa sabuwar na'ura, Gerard na ganin kasuwarta ma ba ta fara ci ba. Aka sauke Bushnell, kuma yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta hana shi yin gasa da Atari har zuwa 1983.

Adalci ya sa a faɗi cewa a wannan muhawara Gerard ne ke da gaskiya. Da aka sa wasan Space Invaders a kan na'urar a 1980, ciniki ya ɓarke, har a 1982 kuɗin shigar Atari ya kai wajen dala biliyan 2. Na'urar da Bushnell ya ƙosa ya bari ita ce ta zama saniyar tatsa. Amma shi ma yana da tasa gaskiyar, domin abin da ya iya, watau riƙon masu fasaha, shi ne Kassar ya kasa. A 1979 gwanaye huɗu cikin masu tsara wasanni suka nemi a riƙa sa sunayensu a kan aikinsu, a kuma ba su wani kaso, aka wulaƙanta su, suka fita aka kafa Activision da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanoni barkatai suka cika kasuwa da kaset marasa inganci, Atari ma ya bi sahu da wasan E.T. da aka haɗa cikin sati biyar. A 1983 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 500, aka kwashi kaset cikin manyan motoci aka binne a juji a garin Alamogordo, inda aka tono wasu a 2014. A 1984 Warner ya sayar da sashen na'urorin gida ga Jack Tramiel. Da kasuwar ta farfaɗo a Amurka daga 1985, kamfanin Nintendo na Japan ne ya gaje ta.

Shi kuwa Bushnell bai zauna ba. Tun yana Atari ya buɗe wani gidan cin abinci a San Jose a 1977, inda iyali za su ci fiza, yara su yi wasa da akwatunan kwandala, wasu mutum-mutumi masu siffar dabbobi suna waƙa suna rawa, babbansu wani ɓera mai suna Chuck E. Cheese. Filin Lagoon ne ya dawo da shi ƙarƙashin rufi ɗaya. Warner bai ɗauki abin da muhimmanci ba, ya sayar masa a kan dala 500,000. Cikin 'yan shekaru rassa suka bazu a faɗin Amurka, dukiyarsa ta ninka. Maimakon ya tsaya a nan, a 1981 ya kafa Catalyst Technologies, gidan renon sababbin kamfanoni, ya riƙa zuba kuɗi a wurare da yawa a lokaci ɗaya. Akwai Androbot, masu ƙera mutum-mutumi na aikin gida, wanda bai yi nasara ba. Akwai Etak, wanda a 1985 ya fito da taswirar lantarki mai nuna wa direba inda yake a cikin gari, tun kafin wayoyin hannu su mai da wannan abu ruwan dare. Hangen daidai ne, lokacin ne bai yi ba, kuɗin kuma na rance ne.

A watan Yuli na 1983 ya shiga tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska daga Kalifoniya zuwa Hawayi, jirginsa mai suna Charley ya riga kowa isa. Yana sauka aka tare shi da labarin cewa gidajen abincin nan sun tafka asara. An buɗe rassa fiye da kima, maigida kuma hankalinsa na can wani wuri. Ya ajiye shugabanci, a watan Maris na 1984 kamfanin ya karye, a 1985 abokin hamayyarsa ShowBiz ya haɗiye shi. Sunan ɓeran ya ci gaba da kawo kuɗi a hannun wasu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Bayan haka ya kafa wasu kamfanonin da dama, har da gidajen abinci na uWink masu tebur da allon taɓawa a shekarun 2000, su ma suka rufe. A 2009 hukumar BAFTA ta Ingila ta ba shi babbar lambarta ta girmamawa.

In aka auna rayuwar mutumin nan da ma'auni na gaskiya, ba za a ce ya yi asara ba. Ya ga abin da manyan kamfanonin lantarki masu dubban injiniyoyi suka kasa gani, cewa talaka zai biya kuɗi don ya taɓa abin da ke cikin talabijin da hannunsa. Ya buɗe ƙofa ga matasan da ba wanda zai ɗauka aiki, wasunsu suka girgiza duniya. Miliyoyin mutane na cin abinci yau a sana'ar da ya share wa fili. Amma sau biyu yana gina abu babba, sau biyu yana fita daga hannunsa, kuma dalilin bai canza ba: da zarar abu ya tsaya da ƙafafunsa, ya zama na lissafi da sito da biyan albashi, sai ya gundure shi, idonsa ya koma kan na gaba.

Mai fasaha da ke tasowa zai yi kyau ya ɗauki idon Bushnell da ƙarfin zuciyarsa, ya koyi tsayawa inda jama'a ke kashe kuɗinsu ya lura da abin da ke jan su, kada ya ƙera abin da abokansa kaɗai za su yaba. Amma ya haɗa da abin da Bushnell ya rasa. Ya rubuta sunan abokin da suka fara tare a inda ya dace tun kafin kuɗi su shigo, ya ambaci wanda ya riga shi ba sai alƙali ya tilasta masa ba, in kuma ya san shi ba mai zaman rumfa ba ne, ya nemi amintacce mai haƙurin zama, ya riƙe shi da daraja. Kafa rumfa aikin yini ɗaya ne, amma sai wanda ya jure rana da ƙura har la'asar ke ƙirga ciniki.